Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Baƙon Ma'aikaci Zai Bar Aiki a Saudiyya Ba Tare da Ya Shiga Uku Ba

 A wannan mako wasiƙu da saƙonnin da suka iso mana kusan duk magana ɗaya suke yi, daga Kano, Katsina, Jigawa har Jamhuriyar Nijar. Watau maganar 'ya'ya da ƙanne da suka tafi neman kuɗi Saudiyya da bizar aiki, aikin ya ishe su, suna son su bari. Mun zaɓo guda huɗu waɗanda muke ganin amsarsu za ta wadatar da sauran. Sai a gyara zama.

TAMBAYA TA FARKO

Wannan ta fito ne daga wani dattijo manomi a yankin Ɗambatta, jihar Kano. Ya ce ɗansa yana aiki a wani kamfanin gine-gine a Riyad, an ɗauke shi shekara 2, ya yi shekara ɗaya da rabi. Yanzu ya gaji, yana son ya dawo gida ko ya koma wani kamfani. Shin zai iya tattara kayansa kawai ya tafi, kamar yadda ɗan ƙodago yake barin gonar wani ya koma ta wani?

To Baba, amsar a gajarce ita ce a'a. Amma bari mu faro daga tushe. Shi baƙo a Saudiyya ba da kansa yake zaune ba. Wanda ya nemo masa bizar aiki, kamfani ne ko mutum ɗaya, shi ake kira kafil, tsarin kuma sunansa kafala. Idan baƙo ya sauka, kafil ne zai yanko masa katin zama, wanda mutanenmu suke kira igama, kuma a rajistar hukuma sunan kafil yana manne da wannan kati. Ke nan aikinsa da izinin zamansa a ƙasar igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Ranar da ya tsinke ta aiki ba bisa ƙa'ida ba, ta zama ma ta tsinke.

A da can abin ya fi haka tsanani, don ko filin jirgi baƙo ba ya iya ƙetarewa sai kafil ya yarda. Amma daga ranar 14 ga Maris, 2021, hukumar Saudiyya ta sassauta wa ma'aikatan kamfanoni. Yanzu wanda ya cika shekara ɗaya a ƙasar yana iya komawa wani kamfani ba sai kafil ya amince ba, muddin ya ba da notis kuma ya kiyaye sharuɗɗan kwantiraginsa. Kazalika yana iya neman bizar fita da kansa. Ana yin waɗannan abubuwa ne ta waya, a manhajar Qiwa ta Ma'aikatar Ƙwadago da manhajar Absher ta Ma'aikatar Cikin Gida. Wannan ne ya sa kuke jin ana cewa an soke kafala. An dai kwance wasu ƙulle-ƙulle, amma har yanzu baƙon ma'aikaci ba ya zama sai da sunan wani mai ba shi aiki a rajista.

Saboda haka ɗanka yana da ƙofofi uku na halal.

Ƙofa ta farko, ya daure ya cika wa'adinsa. A dokar ƙwadago ta Saudiyya, kwantiragin baƙo dole ya kasance a rubuce kuma mai wa'adi ne. Kafin wa'adin ya cika, sai ya rubuta wa kamfani cewa ba zai sabunta ba, a cikin lokacin notis da takardar ta ambata, don wasu takardun suna sabunta kansu idan aka yi shiru. Wanda ya fita ta wannan ƙofa yana samun kuɗin sallamarsa cif, kuma tikitin komawa gida a wuyan kamfani yake, kamar yadda sashe na 40 ya tanada.

Ƙofa ta biyu ita ce murabus. Gyaran dokar da ya fara aiki a watan Fabrairu na 2025 ya fayyace yadda ake yi. Ma'aikaci zai rubuta takardar ajiye aiki. In kwana 30 suka wuce kamfani bai ce uffan ba, to an ɗauka ya karɓa. Kamfani yana da ikon jinkirta karɓa har kwana 60 idan aiki ya buƙaci haka, amma sai ya rubuta dalili. Shi ma ma'aikaci in ya sake tunani yana iya janye takardarsa cikin kwana 7, in dai ba a riga an karɓa ba. A duk tsawon wannan jira dole ya ci gaba da zuwa aiki. Illar wannan ƙofa ita ce kuɗin sallama yana raguwa, kuma wanda ya nemi tafiya ba da wani dalili na doka ba yana iya biyan kuɗin jirginsa da kansa.

Ƙofa ta uku ta wanda aka zalunta ce. Sashe na 81 ya ba ma'aikaci damar barin aiki ba notis, kuma haƙƙinsa bai taɓu ba, idan mai aiki ya kasa cika manyan alkawuransa, kamar biyan albashi, ko ya yaudare shi game da yanayin aikin tun wajen ɗauka, ko ya sa shi wani aiki da ya sha bamban ƙwarai da wanda aka yi yarjejeniya a kai, ko aka doke shi, ko aka wulaƙanta shi, ko akwai babban haɗari a wurin aiki wanda mai aikin ya sani ya ƙi gyarawa. Haka nan wanda aka hana albashin wata 3 a jere, ko aka bar igamarsa ta mutu ba a sabunta ba, yana iya komawa wani kamfani ko bai cika shekara ba. Sai dai fa faɗa da baki ba ya isa. Sai da shaida, kuma sai an kai ƙara.

To in ya ƙi duk ukun nan ya tafi haka nan fa? Nan ne sashe na 77 yake jiransa. Wanda ya karya kwantiragi mai wa'adi ba dalili, in takardar ba ta faɗi adadin diyya ba, zai biya albashin watannin da suka rage, kuma ba zai gaza na wata 2 ba. A ce albashin ɗanka riyal 1,500 ne, saura masa wata 6. Ka ga riyal 9,000 ke nan za a iya binsa. Baba, wata 6 kamar daga shuka ne zuwa girbi. In dai ba cutarsa ake yi ba, ka ce masa ya daure ya ƙarasa.

TAMBAYA TA BIYU

Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi ya ce ƙanensa ya yi shekara 7 yana aiki a wani babban kanti a Jidda. Yana so a yi masa bayanin kuɗin sallama, nawa ne, kuma yaushe ake biya?

Madalla, Alhaji. Lissafin ba shi da wuya, ko da tsinke a ƙasa za ka iya yinsa. Sashe na 84 ya ce a shekara 5 na farko, kowace shekara ma'aikaci yana da rabin albashin wata. Daga shekara ta 6 zuwa sama, kowace shekara albashin wata guda cur. Da albashin ƙarshe ake lissafi, ba da wanda ya fara da shi ba.

Mu ɗauka ƙanenka yana karɓar riyal 1,500. Rabinsa 750. Sau 5 ya ba da 3,750. Sauran shekara 2 kuwa 1,500 sau 2, watau 3,000. In ka haɗa, riyal 6,750 ke nan. Wannan shi ne abin da zai samu idan wa'adin kwantiragi ya cika, ko kamfani ne ya sallame shi ba da laifinsa ba.

Amma in shi ne ya yi murabus, sashe na 85 ya zo da nasa ma'auni. Wanda bai kai shekara 2 ba, ba shi da ko sisi. Daga shekara 2 zuwa 5, kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya haura 5 bai kai 10 ba, kashi biyu cikin uku. Daga shekara 10 zuwa sama, a ba shi duka. Ke nan ƙanenka in ya ajiye da kansa, riyal 4,500 zai tashi da shi maimakon 6,750. Bambancin riyal 2,250 ne, ga ɗan kasuwa kuwa ai ka san wannan jari ne.

Game da lokacin biya, in kamfani ne ya kawo ƙarshen aikin, doka ta ba shi mako ɗaya ya biya duk haƙƙoƙi. In ma'aikaci ne, mako 2. Ban da kuɗin sallama akwai albashin da ya rage da kuɗin ranakun hutun da bai ci ba. Yana kuma da haƙƙin a ba shi takardar shaidar aiki kyauta, a mayar masa da duk takardun da ya ajiye a wurinsu.

Ga wani gargaɗi da muke so ka isar masa. Akan kawo wa ma'aikaci takarda da Larabci a ce ya sa hannu, wadda take cewa ya karɓi haƙƙinsa duka. Kada ya sa hannu, kada ya dangwala yatsa, sai kuɗi sun shiga asusunsa ya ƙirga. In aka yi gardama, sai ya kai ƙara Ma'aikatar Ƙwadago. Za a fara da zaman sulhu, in ba a daidaita ba a miƙa su kotun ƙwadago. Kuma kada ya yi sanya, don ƙarar da ta wuce wata 12 bayan rabuwa da aiki kotu ba ta cika sauraronta ba. Abin da ya fi shi ne ya gama shari'arsa kafin ya hau jirgi, don bin bashi daga Maraɗi zuwa Jidda ba ƙaramin aiki ba ne.

TAMBAYA TA UKU

Wannan kuma daga wata baiwar Allah ce a Funtuwa. Ta ce 'yarta tana aikatau a wani gida a Saudiyya. Uwar ɗakinta ta karɓe fasfonta, wata 3 ba a biya ta ba. Ƙawayenta suna ce mata ta gudu ta shiga gari, akwai aiki da ya fi wannan kuɗi. Hajiya tana tambaya, ta ba ta goyon baya ko kuwa?

Hajiya, Allah ya kawo mata mafita. Amma don Allah kada ki ce mata ta gudu ta shiga gari. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.

Da farko ki sani masu aikin gida, watau 'yan aikatau da direbobin gida da masu gadin gida da makamantansu, ba sa cikin babbar dokar ƙwadago da muka yi bayani a sama, kuma sassaucin 2021 bai haɗa da su ba. Suna da tasu ƙa'idar daban, wadda sabuwarta ta fara aiki a watan Oktoba na 2024. Ta ce kada aiki ya wuce awa 10 a rana, a ba da hutun yini guda a mako, da hutun wata guda bayan shekara 2, da albashin wata guda na sallama bayan shekara 4 a jere. Manhajar da take kula da harkarsu sunanta Musaned, kuma hukuma ta wajabta a riƙa biyan albashinsu ta banki ko asusun waya, don a sami shaidar an biya ko ba a biya ba.

Riƙe fasfo kuwa laifi ne a dokar Saudiyya, ko a gida ko a kamfani. Fasfo ba jinginar kafil ba ne. Hana albashin wata 3 shi ma yana cikin dalilan da hukuma take iya ɗauke 'yar aiki daga wani gida ta mayar da ita wani, ko kafil bai so ba. Kin ga ke nan a yanzu gaskiya tana hannun 'yarki. Ranar da ta tsallake katanga kuwa, ita za ta koma mai laifi.

Ga yadda abin yake. Idan ma'aikaci ya ɓace, kafil yakan kai rahoto cewa ya gudu, abin da aka fi sani da hurub. A 'yan shekarun nan an kawo tsarin ba da kwana 60 bayan rahoton, domin mutum ya fita daga ƙasar, ko ya koma hannun wani kafil in ya cika sharuɗɗa. Ga masu aikin gida, wanda bai kai shekara 2 da shigowa ba fita kawai ta rage masa. In kwana 60 suka wuce ba a yi ko ɗaya ba, mutum ya zama mai zaman haram. Daga nan sai rayuwar ɓuya irin ta takari: ba asibiti cikin kwanciyar hankali, ba asusun banki, in an cuce ka ba wurin kai ƙara, ko'ina kana waiwayen askar. Wanda aka kama yana iya fuskantar tara har riyal 50,000 da ɗauri har wata 6, sannan a kai shi tarhil, watau gidan da ake tsare waɗanda za a kora, irin na Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda. A ɗauki zanen yatsunsa, a sa shi a jirgi, a kuma rufe masa ƙofar komawa aiki. Masu ɓoye shi ko ba shi aiki su ma tararsu tana kai riyal 100,000. Wasu suna zaman jiran afuwa irin wadda aka yi a 2013 da 2017, lokacin da aka bar masu zaman haram suka fita ba tara. To afuwa ba damina ba ce da za a ce duk shekara sai ta zo.

Abin da za ta yi shi ne, ta kira Ma'aikatar Ƙwadago a lamba 19911, ko ta shigar da ƙara ta Musaned. Ta sanar da ofishin ɗaukar ma'aikata da ya kawo ta gidan. Ta kuma sanar da ofishin jakadancin Nijeriya a Riyad ko ƙaramin ofishin da ke Jidda. Ko fasfo bai fito ba, suna iya ba ta takardar tafiya ta gaggawa wadda za ta dawo da ita gida. In kuwa abin ya kai ga duka ko neman lalata da ita, to ba maganar haƙuri. Ta fita, amma ta nufi wurin 'yan sanda ko ofishin jakadanci kai tsaye, ta riga kafil kai rahoto. Ke kuma a nan gida, ki je wurin ejan ɗin da ya tura ta. In ya yi miki hanya-hanya, ki kai maganar hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, ko hukumar NiDCOM mai kula da 'yan Nijeriya mazauna ƙetare.

TAMBAYA TA HUƊU

Ta ƙarshe daga wani matashi ce a Maigatari, jihar Jigawa. Ya ce wani ejan ya yi masa tayin aikin kiwo a Saudiyya, ya ce in ya je bai ji daɗi ba sai ya canza aiki, abu mai sauƙi. Wani kuma yana ce masa gara Katar ko Dubai. Ina gaskiya?

Samari, ka yi dabara da ka tambaya tun kafin ka sayar da ɗan bijiminka. Makiyaya da masu aikin gona na ɗaiɗaikun mutane su ma dokar ƙwadago ta ware su gefe, kuma sassaucin 2021 bai shafe su ba. Daɗin daɗawa, kiwo a can cikin sahara ake yinsa, nesa da gari, inda ko waya ba lalle ta kama ba, balle ka sami ofishin kai ƙara. Sana'ar da aka rubuta a bizarka ita za ta hau igamarka, ita ce kuma za ta nuna dokar da za ta hau kanka. Don haka duk wanda ya ce maka ka tafi da bizar makiyayi in ka isa ka koma kanti, ya faɗa maka son ransa ne. Haka nan abin da suke kira biza mai 'yanci, watau ka biya wani ya zama kafil ɗinka da suna kawai kai kuma ka yi aikin gabanka, babu ita a doka, kamawa ake yi. Bizar Umara da ta Hajji kuwa ta ibada ce, ba a aiki da ita ko na yini ɗaya.

Sauran ƙasashen kowace da nata tsari. Katar ta soke izinin fita ga yawancin ma'aikata a 2018, ta faɗaɗa shi ga masu aikin gida a 2020. A shekarar 2020 ɗin ta soke takardar amincewar kafil kafin canza aiki. Notis wata ɗaya ne ga wanda bai wuce shekara 2 ba, wata 2 ga wanda ya wuce. Ta kuma sa mafi ƙarancin albashi riyal 1,000 na Katar, ban da kuɗin abinci da na masauki. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda Dubai take, dokar da ta fara aiki a Fabrairu na 2022 ta sa notis tsakanin kwana 30 zuwa 90, kuɗin sallama kuma albashin kwana 21 ne a kowace shekara cikin 5 na farko, ga wanda ya cika shekara guda. Kuwait ita kuma daga Yuli na 2025 ta wajabta wa baƙin ma'aikatan kamfanoni samun izinin mai aiki kafin su fita ƙasar. Amma a dukkansu abu ɗaya bai canza ba: izinin zamanka yana rataye da aikinka.

KAFIN A HAU JIRGI, DA KAFIN A SAUKO

Ga mai shirin tafiya, ka tabbata ejan ɗinka yana da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Ka sa wanda ya iya Larabci, wanda kuma ba yaron ejan ba, ya karanta maka kwantiragi, don in aka sami saɓani rubutun Larabcin ake bi. Ka san wa'adi, ka san notis, ka san diyyar da aka rubuta in ka karya. Ka bar hoton fasfo da biza da kwantiragi a gida wurin wanda ka amince da shi.

Ga mai shirin dawowa kuma, bizar fita ta ƙarshe ba ta wuce kwana 60. Wanda ya bari ta mutu bai fita ba kuma bai soke ta ba, tarar riyal 1,000 tana jiransa. Ba a ba da ita ga wanda ake bi tarar hanya ko yake da mota da sunansa, sai ya biya, ya sayar ko ya canza suna. Bashin banki ko na wani da ya kai kotu shi ma yana iya sa a tare mutum a filin jirgi. Sai a warware waɗannan tun da sauran lokaci.

Ku kuma iyaye da 'yan uwa na gida, kuna da naku rabon a cikin wannan magana. Sau da yawa matsin lambar a aiko da kuɗin taki, a aiko da na biki, shi yake sa yaro ya bar aikin halal mai ƙaramin albashi ya bi na ɓoye. In ya kira ya ce ya gaji, ku tambaye shi wata nawa ya rage masa, me takardarsa ta ce, ya kai ƙara ko bai kai ba. Dokokin nan kuma ana yi musu gyara lokaci-lokaci, saboda haka kafin ya ɗauki mataki ya duba Qiwa ko Musaned, ko ya tambayi ofishin jakadancin ƙasarsa. 'Yan Nijar ma suna da nasu a Riyad da Jidda.

To jama'a, a nan za mu dasa aya. Wanda yake da tambaya a kan noma, kasuwa, lafiya ko tafiye-tafiye, sai ya aiko mana kamar yadda aka saba. Allah ya tsare matafiyanmu, ya dawo da su da abin da suka je nema. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.